Bai San Ciwon Kansa Ba

Ranar da Baba ya ce ba zai koma asibiti ba, farar shinkafa ce a gabansa da miyar da aka hana wa barkono, wata huɗu ke nan cur yana cin irinta. Ya ture farantin da bayan hannu, ya dubi Auta, ƙaramar 'yarsa, wadda ke tsaye bakin ƙofar kicin da jakar takardunsa a hammata.

"Mayar da jakar nan inda kika ɗauko ta. Talata ba ni zuwa ko'ina."

"Baba, likita fa ta ce..."

"Likita ta ce, likita ta ce. To ni ma na ce. A kan ɗan gyambo za a sake kwantar da ni kwana biyar ina sheƙa amai kamar mai ƙaramin ciki? Maganin ya fi ciwon mugunta. Na ga masu gyambo da idona, madara suke sha su tafi aikinsu."

Gwaggo, yayarsa, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar matarsa, ta sunkuyar da kai tana ta goge teburin da babu ko ƙwayar shinkafa a kansa. Wannan gugar tebur ta fi komai ba Auta haushi. Duk sanda ƙaryarsu ta zo wuya, sai Gwaggo ta nemo abin gogewa.

Domin ƙarya ce, babu wani gyambo. Ciwon kansa ne, wato daji, a hantar Baba, ƙullutu mai girman lemo, kuma kowa a gidan ya sani in ban da mai hantar.

Yaya ne ya ƙulla abin, babban ɗan Baba, mutumin ofis mai magana a hankali da hannu dafe a ƙirji. Ranar da sakamako ya fito ya zaunar da Baba a bencin waje, ya ce bari su shiga su karɓo takarda, sai ya ja Auta suka shiga wurin likita su biyu. Likitar mace ce, gajeriya, ba ta da kwana-kwana a magana. Ta juyo musu da allon kwamfuta ta nuna musu abin da bakin biro. Ta ce ba za a iya yanke shi ba, saboda ya zauna dab da babbar jijiya, hantar kuma ta riga ta taurare, in aka yanki rabinta sauran ba zai ɗauki jikin ba. Amma akwai wata hanya, ba wuƙa ba ɗinki. Za ta huda ɗan ƙaramin wuri a gindin cinya, ta zura siririn bututu cikin jijiyar jini, tana kallonsa a allo har ya isa reshen da ke ciyar da ƙullutun. Daga nan sai ta sake masa magani da wasu ƙananan ƙwayoyi su toshe hanyar, abin ya rasa jini ya motse. Ta ce ba ta yi musu alkawarin warkewa ba. Lokaci take nema masa, kuma mai yiwuwa sai an maimaita.

Yaya ya yi kuka, kukan gaske, wannan kam ba za a ƙwace masa ba. Da ya share ido sai ya ce, "Likita, don girman Allah kada ki faɗa masa sunan ciwon. Na san mahaifina. In ya ji kalmar nan, a nan zai faɗi."

Likita ta ce, "Jikinsa ne fa. In ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba."

"Ba zai tambaya ba," in ji Yaya.

Ya kuwa tabbatar da haka. Kunnen Baba na hagu injin jan ruwa ya kashe shi tuntuni, shekara arba'in yana gyaran famfo. Saboda haka duk sanda aka shiga ganin likita, sai Yaya ya zaunar da shi ta yadda mataccen kunnen ke fuskantar tebur, shi kuma ya tsaya ta dama yana isar da saƙo. Likita ta ce ƙullutu, Yaya ya ce ɗan gyambo ne ya tsiro a gefen hanta. Gwaggo ta ɗauke tabarau ɗin Baba ta jefa ƙasan akwatinta, sannan ta taya shi nema har ƙarƙashin gado. Aka hana shi barkono da yaji, ba don likita ta hana ba, sai don mai gyambo ba ya cin su, ƙarya kuwa in an haife ta dole a ciyar da ita. Auta ma ba a bar ta hannu sake ba. Ita ke da kyawun rubutu, don haka ita ce ta ɓare takardun jikin kwalaben magani, ta manna farar takarda ta rubuta da manyan baƙaƙe, maganin gyambo, safe da yamma. Tana rubutawa tana jin ƙyamar hannunta, amma ta rubuta.

Karon farko ya tafi lafiya. Ba a sa Baba barci ba, wurin hujin kawai aka kashe, saboda haka ya kalli komai a allo, ko da yake dishi-dishi. Awa shida aka sa shi kwance ƙafa a miƙe ba lanƙwasawa, a cikin awa shidan nan bai bar kowa ya huta da labari ba.

"Kun san yarinyar nan, likitar, mai gyaran famfo ce irina? Wallahi. Ta sako wani ruwa, sai ga bututai sun fito baƙaƙe, babba da ƙanana, ga gwiwa ga mahaɗa. Ta ce riƙe numfashi, na riƙe. Ta bi layi har ta samu wanda take nema. Sai dai ni buɗe toshiya nake yi, ita toshewa take yi. Na ce mata, 'yata, in kin gaji da asibiti ga shagona."

Aka yi dariya. Filastar da aka manna masa ba ta wuce faɗin babban yatsa ba, ya yi ta mamakin wai wannan shi ne aikin duka.

Kashegari dariya ta ƙare. Zazzaɓi ya rufe shi, gefen cikinsa na dama ya riƙa murɗa, ko ruwa ya sha sai ya dawo. Likita ta riga ta faɗa cewa haka zai faru, alama ce ƙullutun na mutuwa. To amma ta ina za a yi wa mutum wannan bayanin, alhali an ce masa babu ƙullutu? Kwana biyar Auta na riƙe da roba, Baba na amai yana tambayar wane irin gyambo ne wannan, Yaya na tsaye nesa da gadon yana cewa a yi haƙuri, haka maganin yake.

Bayan wata guda aka sake hoto. Fiye da rabin abin ya mutu. Saura wani gefe da ke shan jini ta wani ɗan reshe, shi ne aka sa ranar Talata a toshe. Shi ne kuma Baba ya ce ba da shi ba. In aka bi ta gaskiya, hankalinsa daidai yake aiki. Wane mai hankali ne zai sake miƙa kansa ga wannan wahala saboda gyambo?

Talata ta zo ta wuce. Baba ya tafi shagonsa. Da rana nas ɗin sashen hoto ta kira Auta a waya, murya cike da takaici.

"Tun safe muke jiranku. Kin san mutum nawa ke roƙon wannan layin? An shirya ɗaki, an haɗa magani. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma mahaifin nan naku bai san ciwon kansa ba."

Auta ta ji wata dariya ta ƙwace mata, mara daɗi, har nas ta tambaya ko lafiya. Baiwar Allah zagi ta yi niyya, irin wanda ake yi wa mutumin da bai damu da rayuwarsa ba, sai ta faɗi gaskiya tsirararta ba ta sani ba.

"Haka ne," in ji Auta. "Wallahi bai sani ba."

Da yamma ta tafi asibitin da kanta. Likita ta fito daga ɗakin aiki sanye da wata rigar kariya mai nauyi, gumi ya jiƙa mata wuya. Ba ta zauna ba, ta saurari Auta a tsaye har ta gama.

"Laifina yana ciki," ta ce. "Na ce in ya tambaya zan faɗa, sai na zauna jiran tambayar da kuka tabbatar ba zai yi ba. Na bar shi ya sa hannu a takardar da bai karanta ba. Ba zan sake ba. Akwai wuri ranar Alhamis da safe. In zai zo, ya zo da saninsa, ya ce min ya yarda da bakinsa."

"In kuma aka ɗan jinkirta, har ya huce?"

Likita ta nuna mata allo. "Kin ga nan? Tsakaninsa da babbar jijiya bai kai faɗin farce ba. In ya shiga cikinta, babu sauran bututun da zan zura. Ban san yaushe ba. Shi ya sa ba na son jinkiri."

An yi taron iyali a cikin motar Yaya, a ƙofar gida, gilasai a rufe kamar masu shirin sata. Gwaggo a gaba, Auta a baya. Motar na warin turaren da ake ratayawa a madubi, ga zafi, ga numfashin mutum uku.

Yaya ya fara da dabara. A ce masa hoto kawai za a ɗauka, in ya kwanta shi ke nan.

"Likita ta ce ba za ta taɓa shi ba sai ya sani," in ji Auta.

"To a canza likita."

"A kai shi ina kafin jibi?"

Gwaggo ta ce tana da ƙwayar barci, in aka daka aka zuba masa a shayi, sai dai ya farka ya ga an gama. Ta faɗi haka ne da muryar da take karanta addu'a. Auta ta dubi ƙeyarta. Wannan matar ita ta goya Baba yana jariri, yau ga ta tana shirin banka masa ƙwaya kamar kazar da za a kai kasuwa, kuma a ranta tausayi take yi.

"Gwaggo, mu faɗa masa kawai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Ke rufe min baki! Yaushe aka haife ki? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ƙanina ne, na san zuciyarsa. Kalmar nan kaɗai ta isa ta kai shi ƙasa."

"Rashin kalmar fa? Ina zai kai shi?"

Yaya ya dafe ƙirji. Ya sauke murya ƙasa-ƙasa, yadda yake yi in zai faɗi abin da ya san bai kamata ba. "Auta, ki yi tunani. Likitar da kanta ta ce ba warkewa ba ce. Tsohon nan ya wahala. Wataƙila ma haka Allah ya so, a bar shi ya ƙarasa kwanansa hankali kwance, yana zuwa shagonsa, yana dariya. Mu bar wa Allah."

A nan ne Auta ta gane su sarai, ta kuma ji ƙyamarsu. Ba zuciyar Baba suke karewa ba. Minti biyar suke gudu, minti biyar ɗin da mutum zai tsaya gabansa ya dubi idonsa ya furta. Sun gwammace su ɗauki gawarsa da su ɗauki wannan. Kuma ba ta cire kanta ba, don ita ma wata huɗu tana wannan gudun, har da kyawun rubutu.

Ta kama marfin mota. Yaya ya juyo.

"In kika faɗa masa ya faɗi, ke kika kashe shi. Ki sani."

"Na ji."

"Ba da yawuna ba," in ji Gwaggo, ta zaro gefen mayafinta ta hau goge gaban mota.

Laraba da hantsi Auta ta tafi shagon. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a bakin titi, tsakanin mai aski da mai sayar da taya. Bututai jingine a bango, gwangwanaye cike da kusoshi da zobunan roba, warin tsatsa da gam. Mai aski na ganinta ya rage murya ya langaɓe kai, "Sannu, 'yar Baba. Ya mai jiki? Allah dai ya sa kaffara ne." Ta wuce abinta. Matar Yaya ce ta faɗa wa ƙanwarta gaskiyar ciwon, ƙanwar ta faɗa wa mijinta, mijin kuwa nan yake zuwa aski.

Baba na zaune kan ɗan benci, ya matse kan famfo tsakanin gwiwoyinsa yana naɗa masa farin zare na roba. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma yatsun na nan da saurinsu. Ba ya buƙatar tabarau a wannan aikin.

"In maganar asibiti ce, koma," ya ce ba tare da ya ɗago ba.

Ta durƙusa gabansa. Duk jawabin da ta haddace a hanya ya gudu. Ta ce, "Baba, ba gyambo ba ne. Kansa ce a hantarka."

Wata babbar mota ta wuce a daidai lokacin, mai taya kuma ya tayar da injin iska. Baba ya ɗago, ya ga bakinta ya motsa, ya juyo mata da kunnen dama.

"Me kika ce? Ta nan."

Sai da ta sake faɗa. Abin da aka yi wata huɗu ana raɗa a bayan ƙofofi, sai da ta ɗaga murya ta faɗe shi kamar mai talla, a bakin titi, bakinta dab da kunnensa.

"Kansa ce, Baba! Ciwon kansa ne a hantarka, ba gyambo ba!"

Bai faɗi ba. Ko kan famfon bai suɓuce masa ba. Ya ƙarasa naɗa zaren, ya tsinke shi da farce, ya shafe bakin da babban yatsa, sannan ya ajiye a ƙasa a hankali.

"Abin da yarinyar nan ta toshe, shi ne?"

"Shi ne. Fiye da rabi ya mutu. Saura reshe ɗaya. In ba a toshe ba zai shiga babbar jijiya, daga nan ba abin da za a iya. Ta ba mu gobe da safe."

"Yanke shi fa?"

"Ba ya yankuwa."

Ya gyaɗa kai, kamar an gaya masa bututun da ke cikin bango ne ya fashe.

"Tun yaushe?"

"Wata huɗu."

"Wa ya sani?"

"Yaya. Gwaggo. Ni."

"Sai wa?"

Ta dubi gefe. Ya bi idonta da kallo zuwa bangon da ya raba shagonsa da na mai aski, inda ƙarar almakashi ta tsaya cak tun ɗazu.

"Har shi?"

"Har shi, Baba."

"Mai taya?"

Ta gyaɗa kai.

Baba ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Shi ya sa. Wata huɗu ba wanda ya yi min gardama a layin nan. Mutumin da muke musu kullum kan ƙwallo, yanzu ko na ce rana daga yamma take fitowa sai ya ce haka ne, Baba. Na ɗauka girma ne ya zo min." Ya shafa fuska. "A nan, a kan bencin nan, na tara su ina ba su labarin gyambona. Har ina ba su shawara su rage yaji. Suna gyaɗa kai. Ashe kallon gawa suke min."

"Tsoro muka ji, Baba. Mun ɗauka..."

"Barkonon fa? Likita ce ta hana?"

"A'a."

"Tabarau ɗina?"

"Yana cikin akwatin Gwaggo."

"Ta taya ni nema," ya ce a hankali. "Da gwiwoyinta masu ciwo, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro kwalbar maganinsa, ya miƙa ta nesa da idonsa yadda masu raunin gani ke yi. Manyan baƙaƙe ne, ko ba tabarau suna karantuwa. Ya daɗe yana kallo. Auta ta so ƙasa ta tsage.

"Rubutun nan na san shi," ya ce. "Ni na saya miki littafin da kika koye shi."

Sai ya miƙe da sauri ya fita bakin kwata, ya dafa bango ya yi ta kakari. Babu abin da ya fito sai ruwa. Ta zo za ta riƙe shi, ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Mai aski ya leƙo da kofin ruwa, Baba ya yi masa kallo ɗaya, mutumin ya koma ciki da kofinsa.

"Gobe ƙarfe nawa?" in ji Baba yana goge baki.

"Takwas. Za ka je?"

"Tafi gida."

"Baba, za ka je?"

"Na ce tafi."

Ranar nan bai yi wa kowa magana a gida ba. Ya shiga ɗakin Gwaggo kai tsaye, ya buɗe akwatin a gabanta ya ɗauki abinsa ya fito. Gwaggo ta fashe da kuka tana cewa Auta ta kashe mata ƙani. Yaya ya zo da gudu daga ofis, ya tsaya ƙofar ɗakin Baba da hannu a ƙirji yana sallama, ba a amsa ba. Wanda aka ce zai faɗi yana ciki a zaune daram, jakar takardunsa a buɗe, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Su da suka yi masa hasashen faɗuwa su ne suka zube a falo. Auta ta kwana gidan ba ta san me ya yanke ba, kuma ba ta da fuskar sake tambaya.

Da gari ya waye ta ƙwanƙwasa ɗakin, ta tura. Gado a gyare, babu Baba, babu jaka.

Ta tashi su Yaya, suka bi shago, a rufe. Sai suka nufi asibiti, Yaya na tuƙi yana ta maimaita cewa ai dama ya faɗa, ya faɗa, ba tare da ya ce me ya faɗa ba. Auta ta riga su sauka, ta bi dogon barandan da gudu har sashen hoto.

Yana nan. An riga an sa masa rigar asibiti mai ɗauri ta baya, yana zaune bakin gado mai taya, ƙafafunsa sirara suna reto. Motar haya ya hau shi kaɗai, bai ci komai ba kamar yadda takarda ta ce. Likita ta jawo kujera ta zauna ta damansa, suna magana kai da kai. Auta ta tsaya bakin ƙofa tana haki, ta ji yana tambaya.

"In kin toshe wannan, zai iya nemo wata hanyar?"

"Zai iya."

"Haka ruwa yake. Sai ki sake toshewa?"

"In hantar ta ɗauka."

"Aman fa, kamar na wancan karon?"

"Wataƙila. Zan ba ka magani tun kafin ya fara."

"Shekara nawa?"

Likita ba ta kawar da ido ba. "Ban sani ba. Zai iya zama ɗaya, zai iya zama biyu ko fiye. In ba a yi ba, watanni."

"To. Wannan magana ce." Ya karɓi biro ya sa hannu, a hankali, harafi bayan harafi. "Na yarda. Mu je ki yi aikinki."

Daɗi ya rufe Auta. Hawaye suka zubo mata, ba ta ma share ba. Ya zo. Duk abin da za a ce, ya zo.

Nas ta matso da takarda a hannu. "Baba, in an gama wa za a yi wa bayani?"

"Ni."

"To. Kuma ka san awa shida za ka yi a kwance ba motsa ƙafa. Ana barin mutum ɗaya ya zauna da kai. Wa za mu rubuta?"

"Ba kowa."

Nas ta dubi bakin ƙofa. "Wannan ba 'yarka ba ce?"

Sai a lokacin Baba ya juyo ya dube ta. Babu fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. Kallo ne irin wanda mutum ke yi wa abincin da ya taɓa ɓata masa ciki.

"'Yata ce. Ta jira a waje da sauran."

"Baba," muryarta ta karye, "ni ce fa na faɗa maka."

"Na sani, Auta. Ke ce kika faɗa min, a wata na huɗu."

Ya ɗaga ƙafafunsa da kansa ya kwanta. Aka tura gadon, ƙofa mai nauyi ta rufe, jar fitilar da ke samanta ta kama.

Auta ta juya. Yaya da Gwaggo sun iso, suna zaune a bencin baranda, shi kansa a ƙasa, ita tana murza bakin mayafi. Ta tsaya tana kallonsu, ta duba hagu ta duba dama ko akwai wani wurin zama. Babu, duk benci a cike yake da masu jiran nasu. Gwaggo ta ɗago, ta matsa gefe.

Auta ta zauna a tsakiyarsu. Wurin kuwa ya ishe su su uku.